Shekarar da Azurfa Ta Yi Baƙi a Maska

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a rumfata ina daidaita bakin wani zobe, sai samari uku suka tsaya a inuwar durumin da ke gabana suna ɓarar gyaɗa. Ɗayansu ya dube ni, ya ce wa 'yan uwansa da muryar da ya tabbata zan ji, wai in sana'ar hutu ake nema to ƙirar farfaru ce: mutum ya zauna a inuwa, ya narka abu fari, ya zuba, ya lanƙwasa, mata su kawo masa kuɗi. Ban tanka masa ba, domin kasuwa ba wurin karantarwa ba ce. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Tun da Allah Ya ba ni alƙalami kafin Ya ba ni awartaki, na ga ya dace in rubuta abin da na sani, domin shi da masu irin tunaninsa.

Sunana Ilyasu. A Maska aka haife ni, a gidan manoman auduga. Ina ƙarami aka tura ni Zazzau karatu, na dawo ina da shekara ashirin da 'yan kai, na sauke littattafan da aka ɗora mini. Wan mahaifiyata, Kawu Ɗanjuma, maƙerin farfaru ne, wato mai aikin azurfa da jan ƙarfe da makamantansu. Maƙeran baƙi su ne masu fartanya da gatari, kuma sana'arsu dabam ce. Kawu bai sami ɗa namiji ba, idanunsa kuma sun fara rauni, sai ya roƙi mahaifina a ba shi ni.

Ranar da na fara zuwa maƙera, Kawu bai bar ni na taɓa zuga-zugi ba. Ya shimfiɗa fatar akuya, ya jera guntaye huɗu a kai, ya ce in faɗa masa sunayensu. Na duba, na ce ai duka ƙarfe ne.

"Malam," in ji shi, don haka yake kirana cikin zolaya har ya rasu, "mutanen Maska ma duka mutane ne. Gobe ka je ka kira liman da sunan mahauci, ka dawo ka ba ni labari."

Sannan ya miƙo mini su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ja ne, yana miƙewa a ƙarƙashin guduma ba ya tsagewa: jan ƙarfe ke nan. Na biyu toka-toka ne, nauyinsa ya fi girmansa, farce ma yana yi masa zane: dalma. Na uku fari ne tas, marar nauyi. Kawu ya kai shi kunnena ya lanƙwasa, na ji yana ƙaras-ƙaras kamar ana tauna yashi. Ya ce wannan kuza ce, daga Riruwai fatake ke kawo ta, kuma wutar da mace ke dafa miya ta isa ta narkar da ita. Na huɗu shi ma fari ne. Ya sake shi a kan uwar maƙera, ƙarfen da muke dukan aiki a kansa, ya yi ƙara siririya mai daɗewa. Wannan ita ce azurfa, wadda ba ta narkewa sai an cika gawayin ƙirya an zuga har gumi ya jiƙe mutum.

Abin da ya koya mini a ranar shi ne tushen sana'ar duka, kuma shi ne abin da samarin nan ba su sani ba. Waɗannan huɗun kowannensu asali ne. Ka narka jan ƙarfe sau goma, ka tace shi, ka daka, ba za ka fitar da wani abu daga cikinsa ba sai jan ƙarfe. Haka azurfa, haka kuza, haka dalma. Muna iya gauraya su: mu zuba kuza kaɗan a cikin jan ƙarfe mu sami abu mai tauri da ya dace da ƙararrawar doki. Amma gauraye gauraye ne. Jan ƙarfen yana nan a ciki, kuzar tana nan, babu wanda ya zama ɗan uwansa. Maƙerin da bai rarrabe asali da gauraye ba, mai ɓarna ne kawai da aka bar wa wuta.

Shekara uku na yi aikina magagari ne da tsintsiya. Duk abin da aka goga, a kan fata ake gogawa. Da la'asar in tattara garin da ya zuba, in share ƙasan rumfa, in zuba a ƙwarya in wanke da ruwa har ƙasar ta tafi, mai nauyin ya kwanta. Na ɗauki wannan aiki wulaƙanci ne ga wanda ya yi karatu, har ranar da wani makiyayi ya zo neman zobe. Kawu ya ɗauko tandun da nake tara garin nan, ya juye a kaskon yumɓu da muke ginawa da hannunmu, ya sa na zuga. Ƙurar da numfashi ke iya watsarwa ta haɗu ta zama ruwa mai sheƙi, ruwan ya daskare ya zama curi, curin ya zama zobe. Da aka sake shi a kan uwar maƙera, ƙararsa ɗaya ce da ta kowace azurfa.

Nan na tuna malaminmu na tauhidi a Zazzau, wanda ya karantar da mu cewa kowane jiki haɗuwa ce ta ƙananan ɓangarori, kuma in aka yi ta rabawa za a kai ga ƙwayar da ba ta ƙara rabuwa. A zaure na haddace maganar, amma a maƙera na gane ta. Ƙwayar da ta fi kowace ƙanƙanta a cikin garin nan, wadda ido ba ya kamawa, azurfa ce cikakkiya, ba ta rage kome daga halinta ba. Na faɗa wa Kawu haka. Ya ce, "Shekara nawa ka yi a Zazzau kafin ka gano abin da tsintsiya ta sani?"

A shekarata ta bakwai a maƙera Inna Kande ta kawo aikinta. Tsohuwa ce gwauruwa, sa'ar Kawu, mai kaɗi. Tun tana da ƙarfi take sayar wa masaƙan Maska zare, kuma duk abin da ta tara sai ta musanya shi da liyari, wato kuɗin azurfa da fatake ke kawowa daga arewa. Ba ta da gona, ba ta da rumbu. Ta ce tana so a mayar mata da su mundaye huɗu, biyu a kowane hannu, domin gara ba ta cin su, ɓarawo kuma sai ya tashe ta kafin ya ɗauka. In yunwa ta zo, ta cire ɗaya ta ci shekara.

Ta zauna a kan turmi a bakin rumfa tun hantsi, idonta a kan kasko.

"Ɗanjuma, ina kallonka."

"Kalle ni da kyau, Kande. Da ƙuruciya na roƙe ki ki kalle ni kika ƙi."

"Da ƙuruciyar ma hannunka nake kallo, ba fuskarka ba."

Mun auna liyarin a gabanta kafin su shiga wuta, muka auna mundayen bayan sun fito, muka haɗa mata har da garin gogewa a ƙullin ganye. Kwana biyar muka yi a kansu. Ni na yi musu zanen igiya a baki, kuma har yau ban yi zanen da ya fi shi ba.

Shekara biyu bayan haka aka yi damina mai yawan ruwa, da ta ɗauke sai ƙazuwa ta shiga gari. Babu gidan da ba a susa. Tsakanin yatsu da wuyan hannu ta fi kamawa, manya da yara. Ana cikin haka wani baƙon ɗan koli ya sauka a Maska da jakuna biyu. Ban taɓa sanin sunansa ba, Ɗan Koli kowa ke ce masa. Yana sayar da wani man shafawa mai ruwan ɗorawa a cikin 'yan tandaye, kuma gaskiya ita ce maganin yana aiki. Cikin kwana goma gari duka warinsa yake yi.

Wata safiya Inna Kande ta shigo rumfa ba sallama. Ta miƙa hannuwanta biyu a gaban Kawu. Mundayen nan huɗu sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Me ka zuba mini a ciki?"

"Abin da kika kawo."

"Fari na kawo maka, Ɗanjuma. Shekara talatin ina murza mazari har yatsuna suka karkace. Ka dubi idona ka ce ba dalma ka cusa ba."

Kawu ya karɓi ɗaya ya jujjuya. Duk maƙeri ya san azurfa takan dushe a hankali in ta shekara ba a goge ta ba. Amma baƙi irin wannan, cikin kwanaki, bai taɓa gani ba, kuma ya faɗa mata hakan. Wannan gaskiyar da ya faɗa ita ta fara kashe mu, domin kafin azahar labari ya zaga cewa Ɗanjuma da bakinsa ya ce bai san abin da ke cikin aikinsa ba. Kafin mako ya cika mata fiye da yadda zan iya tunawa sun zo da zobba da mundaye baƙaƙe, duka aikinmu, don mu kaɗai ne maƙeran farfaru a garin.

Na yi abin da na sani. Na karɓi munduwar wata mata na goge da toka mai laushi, na gasa, na tsoma a ruwan tsamiya, ta fito fara kamar ranar da aka yi ta. Matar ta sa a hannu ta tafi. Bayan kwana uku ta dawo da ita baƙa, da mijinta a bayanta. Sai aka ce to ga shaida: ciwon daga ciki yake tasowa, wankewar kuma dabara ce ta rufe ha'inci.

A daidai lokacin ne Ɗan Koli ya kwance wata jaka ya fito da mundaye farare masu ɗaukar ido. Yana zaune a tsakiyar kasuwa yana cewa azurfar gaske ba ta baƙi, ga tasa nan, a sa a gani. Mata suka sa, suka kwana bakwai da su, ba su sauya ba. Sai ya ce don tausayi zai karɓi baƙaƙe biyu ya ba da fara ɗaya, ko da yake bai san abin da zai yi da tarkacen dalma ba. Na je na ɗauki ɗaya don in lanƙwasa a kunnena, ya fizge, ya ce kada mai hannun ha'inci ya ɓata masa kaya. Mutanen da suka san ni tun ina rarrafe suka yi dariya. Na ce musu kuza ce. Wani majemi ya ce, "To Malam, in kuza ce ke zama fara, azurfarku kuma ke baƙi, ai sai a ba mu kuzar."

Dattijan gari suka kira mu. Ba su zage mu ba, amma hukuncinsu a fili yake: an ba mu kasuwa biyu mu bayyana dalilin baƙin nan. In muka kasa, za a karɓe uwar maƙera da awartaki, a kashe wutarmu, mu bar Maska da sunan maha'inta. Maƙerin da aka kora da wannan suna ba ya sake hura wuta a ko'ina, domin labari yana riga shi isa kowace kasuwa. Kawu a lokacin ya haura shekara sittin, kuma a rumfar nan kakansa ya yi ƙira.

Na zargi gawayi, na sauya. Na zargi yumɓun kasko, na zargi ruwan rijiya. Na zuba sabon zobe na ajiye a rumfa, ya kwana biyar fari. Kawu ne ya kawo shawarar da ta fi tawa. Ya ce kaskon da ya narka azurfar matan Maska shi ya narka ta matan Malumfashi da Ƙarfi, waɗanda muke kai wa kaya da rani. In ha'incin a kasko yake, to can ma an yi baƙi. Ya ce in je in gani da idona.

Kwana biyu na yi a hanya. A Malumfashi na bi gidajen da muka yi wa aiki, ina sallama ana fito mini da kaya. Duka farare ne. Su ma suna fama da ƙazuwa, amma da saiwoyi da sabulun salo suke magani, Ɗan Koli bai kai can ba. Wannan ya nuna mini laifin ba a wutarmu yake ba, amma bai nuna mini inda yake ba, kuma dattijan Maska ba za su karɓi "na gani a wani gari" ba.

Daga nan na wuce wata unguwar Maguzawa kusa da Ƙarfi, gidan wani manomi Jatau, wanda muka yi wa matarsa Tarana mundaye biyu a rana ɗaya, daga curi ɗaya. Na same ta tana sussukar dawa. Da ta ɗaga taɓarya sai na tsaya cik: ta hannun dama fara, ta hannun hagu baƙa.

"Gwaggo, yaushe wannan ta yi haka?"

"Kai ne maƙerin, ni kake tambaya?"

"Me ya taɓa hannun hagun da bai taɓa na dama ba?"

"Ƙazuwa. Ita ma ta san hannun da nake cin tuwo da shi, ta bar mini shi." Ta yi dariya, sannan ta ce ƙanin mijinta ya je Maska sayar da taba ya kawo mata wani mai mai wari, shi take shafawa a hagun safe da yamma. Ta ƙara da cewa, "Ni ban ce kun cuce ni ba. Tare aka haife su a gabana. In ɗaya ta yi baƙi, wani abu ta gamu da shi a hanya."

Matar da ba ta taɓa riƙe allo ba ta faɗi a numfashi ɗaya abin da garin Maska duka ya kasa tunani. Na roƙi ragowar man, na laƙaci kaɗan na ɗora a kan garwashin murhunta. Man ya narke, sai wata 'yar wuta shuɗiya ta tashi, da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro irin na bindigar maharba. Farar wuta ce, dutsen nan mai ruwan ɗorawa da ake sa wa albarushi, aka niƙa aka kwaɓa da man kaɗanya. A Maska maharba kaɗai ke riƙe ta, ba ta taɓa kusantar hannun mata ba sai a shekarar nan.

Na roƙi Tarana ta ara mini mundayen in kai gaban dattijai. Ta ce inda hannunta ya je nan suke zuwa. Jatau ya ce to sai hannun ya je Maska. Muka taho mu uku.

Mun iso ana gobe wa'adi zai cika. Abin da na fara tambaya shi ne Ɗan Koli. Aka ce ya ɗaure kayansa tun kasuwar da ta wuce, ya yi kudu, jakunansa suna nishi.

Da hantsi aka taru a gindin durumin nan da samarin suka tsaya. Na kawo kasko biyu na fasasshiyar tukunya da murhu irin na girki, ban kawo zuga-zugi ba. Tarana ta ɗaga hannuwanta ta faɗi abin da ta faɗa mini. Wani ya ce shaidar Bamagujiya aka je aka sayo. Ta ce masa, "Da sayena aka yi da na fi haka ƙiba." Ban tsaya a kan shaidarta ba. Na juya ga babban dattijon da ke jagorantar zaman.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni liyari ɗaya wanda bai taɓa shiga rumfarmu ba."

Ya aika gidansa aka kawo nasa. Na sa shi da kansa ya shafa masa man a gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen. Na ɗora a kasko kusa da wuta don ya ji ɗumi. Muna kallo gefen da aka shafa ya yi ja-ja, ya yi shuɗi, ya koma baƙi. Na juya shi, ɗaya gefen fari.

"Wa ya zuba wa wannan dalma?" in ji Kawu. Ita ce magana ɗaya da ya yi a ranar.

Na bayyana musu yadda na fahimta. Farar wuta ita ma asali ce, kamar azurfa. In suka haɗu, tana kama fatar azurfar, su biyun su zama wani abu na uku, wanda ba fari ba ne, ba ruwan ɗorawa ba ne. Azurfar ba ta tafi ko'ina ba, ba ta kuma zama wani ƙarfe ba. Wuta mai ƙarfi tana korar farar wutar ta tashi hayaƙi, azurfa ta rage. Kuza kuwa farar wuta ba ta kama ta haka, shi ya sa kayan Ɗan Koli ba su sauya ba. Baƙin da aka so a kore mu a kansa shi ne shaidar cewa aikinmu na gaske ne.

Sai majemin nan ya ce har yanzu ba a nuna masa cewa na Ɗan Koli ba azurfa ba ne, wataƙila tasa ce ta fi kyau. Na ce a ba ni ɗaya. Inna Kande ta taso daga cikin mata. A hannuwanta babu baƙaƙe huɗu, farare biyu ne kawai. Sai a lokacin na san ta musanya. Ta zare ɗaya ta miƙo mini, kanta a sama.

"Gwada, ɗan nan. Wannan ba a rumfarku aka yi ta ba."

"Inna, in na ɗora ta ba za ta dawo yadda take ba."

"Na ce ka gwada."

Na ɗora munduwar Tarana baƙa a kasko ɗaya, ta Inna Kande fara a ɗaya, a kan wuta guda, wutar da ba ta fi ta dafa kunu ba. Ta Tarana ta zauna yadda take. Ta Inna Kande ta yi laushi, ta sunkuya, ta zube ta zama ɗan tafki a tsakiyar kasko.  Matan da ke sanye da irinta suka shiga rufe hannuwansu da mayafi.

Babban dattijo ya ce, "To, Ɗanjuma, sai a yi haƙuri. A koma aiki." Iyakar abin da aka ce ke nan. Wata guda ana kiran Kawu ɓarawo a kasuwar da aka haife shi, aka wanke shi da kalmomin da ba su kai tsawon atishawa ba. An tura mahaya bin Ɗan Koli, suka dawo bayan kwana huɗu hannu wofi. Ban sani ba ko da niyya ya kawo man, ko kuwa a nan ya lura da abin da yake yi wa azurfa ya ga hanya. Abin da na sani shi ne, shi ya san bambancin kuza da azurfa, waɗanda suka yi mini dariya ba su sani ba.

Washegari da safe Inna Kande ta zo rumfa, wannan karon da sallama. Ta zauna a kan turmin da ta zauna ranar da aka yi mata aiki. Ta kwance bakin zanenta ta fito da curin da ya daskare a kasko, da ɗayar munduwar, ta ajiye a kan fata a gaban Kawu.

"Ɗanjuma, na zalunce ka."

"Ya wuce, Kande."

"To ka taimake ni. Ku kuka mayar da baƙar munduwar matar nan fara, na gani da idona. Ga wannan, fara ce tun asali, rabin aikin an yi. Ka sa ta a wuta, Malam ya yi mata karatu, ta koma azurfa. Ko ɗaya ce ta fito, na gode."

Kawu ya dube ni, don ya san idanunsa ba za su iya kallonta ba. Ni na ba ta amsa.

"Inna, baƙar da kika gani ta koma fara, azurfa ce tun farko, datti kawai na cire mata. Wannan kuza ce. In na raba ta har ƙwayar da ido ba ya gani, kowace ƙwaya kuza ce. Babu wuta, babu karatu, babu maƙeri a Katsina ko Kano da zai sauya ta. Duk wanda ya ce miki zai iya, ɗan uwan Ɗan Koli ne."

 Sai ta ɗauki munduwar da ta rage, ta kai kunnenta, ta lanƙwasa da karkatattun yatsunta. Daga inda nake zaune na ji ƙaras-ƙaras ɗin.

"Ashe tana faɗa," in ji ta. "Ba a koya mini saurare ba ne."

Ta tashi ta bar su nan. Da yamma na wuce ta ƙofar gidanta na hango ta da mazari da tarin auduga, ta koma inda ta fara shekara talatin da suka wuce. Kaɗi take yi har shekarar da ta rasu, kuma ba ta sake sa kome a hannu ba.

Curin yana nan a rumfata, a gefen uwar maƙera, tare da guntun azurfa mai girmansa. Saurayin da ya ce sana'armu narka abu fari ce, ina gayyatarsa ranar kasuwa mai zuwa. Zan ɗora masa su biyun a tafin hannu, in ce ya nuna mini wanne ne rumbun tsohuwa, wanne ne abin da aka bar mata. In ya nuna daidai, sai mu fara maganar tsintsiya.